Layina ya fito da tozo biyu: shin dunƙulen gajimaren yana ruftawa ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗaliba ce mai neman digiri na biyu a kimiyyar taurari. Aikina a kan wani dunƙulen gajimaren gas da ƙura ne mai sanyi a sararin samaniya, irin wanda ake haifar taurari a ciki, wanda ba a ga tauraro a cikinsa ba tukuna. Na sauko da bayanansa daga rumbun wata na'urar rediyo mai faranti ɗaya. Layin HCO+ (zanen ƙarfin hasken rediyo da ƙwayar gas ta HCO+ ke fitarwa, bisa gudun gas ɗin) da na samu a tsakiyar dunƙulen ya fito da tozo biyu, kuma na ɓangaren shuɗi (gas mai tahowa wajenmu) ya fi na ja (gas mai nisantar mu) tsawo. Tazarar da ke tsakaninsu kilomita 1 ce a sakan, sai na raba biyu, na ce gas ɗin yana zubawa ciki da gudun kilomita 0.5 a sakan. Malamin da ke duba aikina ya ce in rubuta cewa mun gano dunƙule yana ruftawa, har ma in sa haka a kan kundin. Saura mako shida in kare. Amma Malam, zuciyata ta ƙi kwanciya. Nakan kasa barci ina tunanin kada in tsaya gaban malamai in faɗi abin da ba haka yake ba. Shin tozo biyun nan ya isa hujja? In bai isa ba, shekara biyun da na yi ta tafi a banza ke nan?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata.

Bari in fara cire miki ƙayar da ta fi sukar ki. Shekara biyunki ba ta tafi a banza ba, kuma rashin barcin nan ya nuna mini cewa kin fahimci aikin fiye da yadda kike zato. Amsar tambayarki ta farko kuwa ita ce a'a. Tozo biyu, na shuɗi ya ɗara na ja, a layi ɗaya, a wuri ɗaya cikin dunƙule, bai isa a ce ana ruftawa ba. Alama ce mai daraja, amma mai shaida ɗaya ce da ba a titsiye ta da tambayoyi ba tukuna.

Kin san asalin abin, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Idan dunƙule yana tsukewa, rabin da ke wajenmu yana nisantar mu ne, don haka haskensa ya karkata ɓangaren ja. Rabin da ke can baya yana tahowa, nasa ya karkata shuɗi. A layi mai kauri irin na HCO+, wanda ba a gani ta cikinsa, abin da ya fara tare ki shi kike gani. A ɓangaren ja, gas na waje-waje ne ya fara tare ki, mai sako-sako, mai raunin haske, kuma ya rufe na ciki. A ɓangaren shuɗi kuwa, abin da ya fi kusa da ke a rabin baya shi ne na dab da tsakiya, inda gas ya cushe, ƙwayoyi suna yawan karo da juna, haske ya yi ƙarfi. Bargon gas na can waje da bai motsa ba shi ke shanye hasken tsakiyar layin, ya bar kwari tsakanin tozayen. Ki lura cewa a dunƙulen da babu tauraro, tsakiya ta fi gefe sanyi. Abin da ke ƙaruwa yayin da ake shiga ciki cunkoso ne, ba zafi ba. Ɗalibai da yawa suna rubuta akasin haka.

To, ga inda matsalar take, kuma a nan zan daɗe, domin babu watan da zai wuce ban ci karo da ita ba. Wannan bayani hanya ɗaya yake tafiya. Ruftawa takan haifar da tozon shuɗi, gaskiya ne. Amma ganin tozon shuɗi ba ya mayar da ke ga ruftawa kai tsaye. Duk wanda zazzaɓin cizon sauro ya kama jikinsa zai yi zafi, amma likitan da ke rubuta maganin zazzaɓin sauro ga duk mai zafin jiki ba tare da gwaji ba, wata rana zai yi kisa. Abin da layinki ya faɗa, idan aka tsaya a iya abin da ya faɗa, shi ne: akwai wani gas mai raunin haske a gaban wani gas mai ƙarfin haske, kuma na gaban ya ɗan karkata ja idan aka gwada shi da na bayan. Shi ke nan. Bai ce gas ɗin na dunƙulen ba ne. Bai ce ƙarfin jan nauyi ne ke tura shi ba. Bai ce haka abin yake ta kowace fuska ba. Duk waɗannan mu ne muke ɗora su a kai, kuma kowanne sai an kawo masa tasa shaidar.

Ba ke kaɗai wannan rami ya taɓa ruɗa ba. A shekarar 1986, Christopher Walker da abokan aikinsa sun ba da rahoton alamar zubowar gas a tauraro jariri IRAS 16293-2422, cikin gajimaren Ophiuchus, daga siffar layin ƙwayar gas ta CS. Shekara ɗaya bayan nan Karl Menten da nasa abokan suka nuna cewa juyawa, tare da gas na gaba mai shanye haske, za su iya fitar da irin wannan siffa. Waɗannan ba 'yan koyo ba ne, manyan fannin ne da na'urorinsu a hannu, amma muhawarar ta ɗauki shekaru. Sai a 1993 Shudong Zhou da Neal Evans da abokansu suka kawo B335, wani ɗan dunƙule da ke zaune shi kaɗai, wanda juyawarsa ba ta da yawa, suka gwada layukan CS da H2CO da tsarin da Frank Shu ya fitar a 1977 na ruftawa daga ciki zuwa waje. Ko a nan ba kowa ya gamsu ba, saboda B335 yana da tauraro jariri a ciki mai feso gas. Sai a 2015, shekara 22 bayan nan, na'urar ALMA da ke tsaunukan ƙasar Chile ta ga gas mai karkata ja yana shanye hasken ƙurar tsakiya kai tsaye, wanda hujja ce da ta fi tozo biyu ƙarfi nesa ba kusa ba. Idan dunƙule mafi sauƙi a sama ya ci wa ƙwararru shekara 22, ta yaya za a yanke wa naki hukunci da layi ɗaya?

Abu na farko da ya kamata ki yi, kuma ina mamakin yadda ba a ce ki yi shi tun bara ba, shi ne ki nemo layi mai shara-shara, wanda ake gani ta cikinsa har bayan dunƙule. H13CO+, ɗan'uwan HCO+ da bai kai shi yawa ba, yana firikwensin gigahaz 86.75, ba shi da nisa da HCO+ ɗinki da ke 89.19, don haka ki koma rumbun ki duba ko an ɗauke su tare. In babu, ki nemi layin wata ƙwayar gas, N2H+, a 93.17. Wannan yana da rassa bakwai, kuma reshen da ya ware shi kaɗai a gefe shi ne abokin aikinki. Idan layin mai shara-shara ya fito da ƙololuwa ɗaya tak, kuma ta zauna daidai cikin kwarin da ke tsakanin tozayenki, to kwarin na shanyewar haske ne, kin tsallake mataki na farko. Idan kuwa shi ma ya fito da tozo biyu a daidai inda naki suke, to mai yiwuwa gajimare biyu ne kawai, ɗaya a bayan ɗaya, kowanne da gudunsa, suka haɗu a idon na'urarki. Ba ruwansu da juna, kuma babu abin da ke ruftawa. Wannan yana faruwa sosai, domin dunƙulallun nan a jikin zaruruwan gas suke, kuma zaruruwan sukan gitta juna a inda muke kallo.

Akwai ma wanda ya fi wannan ban takaici. Na'ura mai faranti ɗaya takan kalli dunƙule, ta juya ta kalli wani wuri da ake zaton fanko ne, sannan a cire na biyun daga na farkon. Idan wurin da aka zata fanko ne yana da ɗan HCO+ nasa, cirewar za ta haƙa miki kwari a tsakiyar layi, kwarin da babu shi a sama sam. An taɓa aiko mini da wata takarda in duba kafin a buga, shafi ashirin da wani abu na lissafin yawan gas da ke zubawa, gaba ɗaya a kan kwarin da mai kallo ya haƙa da hannunsa. Tambaya ɗaya na yi, ina wurin da aka cire, sai ginin ya zube. Ke da ba ke kika yi kallon ba, daga rumbu kika ɗauko, wajibi ne ki buɗe bayanan da ke kan fayil ɗin ki ga inda aka kalla, ki duba shi a taswirar gajimaren.

Sai batun firikwensi. A gigahaz 93, kuskuren kilohaz 31 kacal daidai yake da kilomita 0.1 a sakan, kuma wannan shi ne girman motsin da muke nema. Adadin da ake amfani da shi na N2H+ an gyara shi a 1995, an sake gyara shi a 2009. Idan fayil ɗinki tsoho ne, yana ɗauke da tsohon adadi, ke kuma kika haɗa shi da wani layi mai sabon adadi, za ki ga karkata wadda ba ta da asali sai a cikin kwamfuta. Haka nan faɗin kowace tashar na'urar, wato ƙaramin yankin gudun da take iya bambancewa. A sanyin digiri 10 na Kelbin (kusan digiri 263 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos), faɗin da zafi kaɗai ke ba layin N2H+ bai wuce kilomita 0.13 a sakan ba. Idan tashoshinki kilomita 0.2 ne kowacce, to kina auna zare da igiyar rijiya.

A ce duk kin tsallake waɗannan. Har yanzu wuri ɗaya kika kalla. Dunƙule mai juyawa yakan ba da tozon shuɗi a gefe ɗaya, ya ba da na ja a ɗaya gefen. In aka dasa idon na'ura ya ɗan goce daga tsakiya, sai ki ga shuɗi ki yi murna. Tauraro jariri da ya ɓuya a ciki, wanda bai yi hasken da tsofaffin na'urori za su gan shi ba, yakan feso gas ta fuska biyu, kuma fesowar takan karkatar da layi duk yadda ta ga dama. Kin ce ba a ga tauraro ba. An duba da na'urar hangen nesa ta sararin samaniya, Spitzer? An duba da 'yar'uwarta Herschel? Akwai dunƙulallun da aka daɗe ana kiran su marasa tauraro, irin su L1014 da L1521F, sai Spitzer ta leƙa ta tarar da jariri a ciki.

Misalin da nake so ki riƙe shi ne Barnard 68. Baƙin dunƙule ne kewayayye, kyakkyawa, wanda João Alves da Charles Lada da Elizabeth Lada suka auna a 2001, suka ga nauyinsa da matsin gas ɗinsa sun kusan yin kunnen doki. A 2003 Charles Lada da abokansa suka zana taswirar layin CS a duk faɗinsa da farantin IRAM mai mita 30 da ke ƙasar Sifen. Me suka gani? A wani yanki shuɗi ya rinjaya, a wani yanki ja, suna karɓa-karɓa. Fassarar da suka bayar ita ce dunƙulen yana numfashi ne, nan ya loɓa, can ya kumbura. Da mutum ɗaya ya kalli wuri ɗaya da ya rantse ana ruftawa. Da wani ya kalli ɗan gefe kaɗan da ya rantse ana watsewa. Su biyun kuma kowa da layinsa a hannu, mai kyau, ba hayaniya. Kama da wane ba ta wane, 'yata.

Kada kuma ki manta da sanyi. A tsakiyar waɗannan dunƙulallu, iskar CO (kabon monoksaid) tana daskarewa a jikin ƙura. Paola Caselli da abokanta sun nuna haka a L1544 tun 1999. HCO+ daga CO ake samun sa, CS ma yana daskarewa. Ma'ana, layin da kike kallo ya fi ba ki labarin fatar dunƙule, ba cikinsa ba. Fata tana iya matsowa ciki saboda gajimaren waje yana danna ta, alhali ciki yana zaune lafiya. Wanda zai gaya miki abin da ke faruwa a ciki shi ne N2H+, da amoniya, da ƙwayoyi masu ɗauke da haidurojin mai nauyi irin N2D+, waɗanda ke jure sanyin.

Yanzu ga lissafinki na raba tazara biyu. Wannan ki goge shi yau, kada ki kwana da shi. Tazarar da ke tsakanin tozaye ba gudun zubowa take aunawa ba. Kaurin layin da faɗinsa su ke yanke ta. Dunƙulen da ba ya motsi ko kaɗan, idan layinsa ya yi kauri sosai, zai ba ki tozo biyu masu nisa da juna, sai dai tsawonsu ɗaya. Abin da ke ɗauke da labarin gudu shi ne bambancin tsawon tozayen biyu, da zurfin kwarin, da faɗin layi mai shara-shara. Philip Myers da abokansa sun fitar da hanya mai sauƙi ta lissafa shi a 1996, mai ɗaukar dunƙule a matsayin shimfiɗa biyu masu matsowa juna, kuma Christopher De Vries da Myers sun inganta ta a 2005. Ina da yaƙinin in kin bi ta, adadinki zai sauko sosai.

Kuma da kin tsaya kin auna 0.5 ɗin da hankali, da shi da kansa ya tsayar da ke. Gudun sauti a gas mai digiri 10 na Kelbin kusan kilomita 0.19 ne a sakan. Adadinki ya ninka shi fiye da sau biyu. Abin da ya faɗo ba tare da komai ya tare shi ba, zuwa kan nauyin rana ɗaya, in ya iso nisan da ya ninka tazarar duniya da rana sau 10,000, gudunsa kilomita 0.42 ne a sakan. Wato kin ba dunƙulenki gudun da ya fi na faɗuwa zalla, sai fa in nauyinsa ya fi na rana. L1544, wanda ke cikin gajimaren Taurus, gabas da Kaza da 'Ya'yanta, shi ne dunƙule maras tauraro da aka fi yarda cewa yana tsukewa. Mario Tafalla da abokansa sun auna shi a 1998, suka sami gudun da bai wuce kilomita 0.1 a sakan ba, a faɗin da ya kai parsek 0.1, wato kusan sulusin nisan da haske ke ci a shekara. A wannan tafiya, gas zai ci shekara kusan miliyan ɗaya kafin ya ratsa wannan faɗin. Kuma abin da ya sa aka yarda da L1544 ba layi ɗaya ba ne. Taswira ce, da layuka da yawa, masu kauri da masu shara-shara, da ma'aunin ƙura, har zuwa 2012 da Herschel ta ga layin tururin ruwa a gigahaz 557 yana ba da labari iri ɗaya. Abin sha'awa, L1544 bai bi tsarin Shu ba, domin motsin ya game wuri mai faɗi alhali babu tauraro a tsakiya. Don haka ko da naki ya tabbata yana tsukewa, kada ki yi saurin liƙa masa sunan wani tsari.

Mutane suna jin kalmar ruftawa sai su hango rijiya ta rufta da mahaƙi cikin ƙiftawar ido. Dunƙulallun nan wurare ne masu natsuwa ƙwarai. Gajimaren da ke kewaye da su cike yake da yamutsi mai gudun da ya fi na sauti, amma da an shiga dunƙule sai yamutsin ya lafa. Alyssa Goodman da abokanta sun bayyana haka a 1998, kuma a 2010 Jaime Pineda ya zana iyakar ƙarara a Barnard 5 da layin amoniya, da farantin Green Bank mai mita 100 a Amurka: layi mai faɗi a waje, taku kaɗan ciki ya tsuke. Juyawarsu ma kaɗan ce, ƙarfinta bai wuce kashi biyu ko makamancin haka cikin ɗari na ƙarfin jan nauyi ba, kamar yadda Goodman ta auna a 1993. Tun 1974 Ben Zuckerman da Evans suka lura cewa da duk gajimaren da muke gani faɗuwa yake yi ba birki, da taurarin da ake haifa kowace shekara sun ninka abin da muke gani sau da yawa. Lokacin da Chang Won Lee da Myers da Tafalla suka bi dunƙulallu marasa tauraro sama da 200 a 1999, ƙalilan ne ƙwarai suka cika sharuɗɗan tsukewa. Ruftawa ba ita ce halin yau da kullum na dunƙule ba. Wanda ya ce ya gan ta, nauyin hujja a wuyansa yake.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda wannan gaggawa ta zama ɗabi'a daga sama har ƙasa. A Nuwambar 2022 aka fitar da hoton tauraro jariri L1527 da na'urar James Webb ta ɗauka, mai siffar kalangu, wuya a tsakiya, baki biyu a buɗe. Ya zaga Facebook da WhatsApp da rubutu iri-iri, wai ga gas yana zubawa cikin tauraro ana kallo. Bakunan kalangun nan ramuka ne da gas mai fita ya share, hasken jaririn ya haska bangonsu. Hoto ba ya nuna motsi, ba ya gaya maka wa ke shiga wa ke fita. Sai kuma masu ɗauko bidiyon da aka ƙirƙira da kwamfuta, wanda ya matse shekara dubu ɗari cikin sakan talatin, su ce na'ura ce ta ɗauka. Mai yaɗa wannan a waya ina yi masa uzuri, bai sani ba. Wanda ba na yi wa uzuri shi ne mai digiri da ya sani, ya ga tozo biyu, ya ƙi neman layi na biyu saboda yana tsoron abin da zai nuna masa. Ga kuma mujallun da ke karɓar kuɗi su buga maka komai cikin mako ɗaya ba wanda ya karanta, ga tsarin ƙarin girma da ke ƙirga yawan takardu ba ya tambayar abin da ke cikinsu, ga fom ɗin da ke tilasta wa ɗalibi ya rubuta sakamakon bincikensa tun kafin ya fara binciken. A haka ake koya wa yara cewa kalmar "mun gano" ita ce kuɗin fita. Alhali abin da aka buga ba ya mutuwa. Wani ɗalibi a wata ƙasa zai ɗauki dunƙulenki ya sa a jerin masu ruftawa, wani ya nemi awannin na'ura masu tsada a kansa, wani ya gina lissafi a kan jerin. Shaidar zur a ilimi ba ta tsaya kan wanda ya yi ta ba, kuma amana ce za a tambaye mu a kanta.

Ban faɗi wannan don ki raina malaminki ba. Mai yiwuwa yana so ki gama a kan lokaci ne, ya san wahalar ƙarin zango da kuɗin makaranta, kuma mai yiwuwa wannan ba ainihin ɓangarensa ba ne. Kada ki je masa da "ba daidai ba ne". Ki je masa da aiki a hannu, ki ce, "Malam, na gwada abu kaza, ga abin da ya fito, yaya kake gani?" Babu malamin kirki da zai so a kunyata ɗalibarsa a gaban mai jarrabawa na waje, kuma tambayar farko da duk wanda ya san fannin zai yi miki ita ce ina layi mai shara-shara.

Mako shida ya ishe ki. Makon farko ki ba rumbu: layi na biyu, wurin da aka cire, firikwensin da ke kan fayil, faɗin tasha, da ko akwai wasu wuraren da aka kalla a dunƙulen ban da tsakiya. Ko wurare biyar ne, tsakiya da kusurwa huɗu, sun fi ɗaya daraja nesa. In kin sami layi mai shara-shara, ki lissafa ma'aunin da Diego Mardones da abokansa suka kawo a 1997: gudun ƙololuwar layi mai kauri, a cire na mai shara-shara, a raba da faɗin mai shara-shara. Abin da ya wuce −0.25 ta ɓangaren ƙasa da sifili shi ake kira shuɗi. Amma ki tuna an ƙirƙiro wannan ma'auni ne don a ƙirga dunƙulallu da yawa a ga ko shuɗi ya fi ja yawa a cikinsu, ba don a yanke wa guda ɗaya hukunci ba. Daga nan ki ɗauko taswirar ƙura ta Herschel, kyauta take ga kowa, ki fitar da nauyin dunƙulen da girmansa, ki ga ko nauyin ya isa ya rinjayi matsin gas da yamutsin da ke ciki. Dunƙulen da nauyinsa bai isa ya riƙe kansa ba, ko fatarsa tana matsowa, ba shi ke jan ta ba, daga waje ake tura ta. Sauran makonnin na rubutu ne.

Idan duk gwaje-gwajen suka tsaya, ki rubuta cewa dunƙulen yana nuna alamun motsi zuwa ciki a shimfiɗarsa ta waje, da gudu kaza, da iyakar kuskure kaza, kuma ya cancanci a bi shi da na'ura mai kaifin ido. Idan ɗaya ya faɗi, ki rubuta wanne ne da dalili. Kundin da ya nuna cewa tozo biyun wani dunƙule gajimare biyu ne suka haɗu, ko kwarin cirewa ne, kundi ne cikakke da zan sa wa hannu da farin ciki. A kan kundin kuma ki cire "gano ruftawa", ki sa wani abu kamar "Nazarin motsin gas a dunƙule kaza ta hanyar siffar layukan HCO+ da H13CO+". Wannan suna zai tsaya ko me sakamakon ya zama, kuma sauya shi yanzu ya fi sauƙi a kan bayan an buga an ɗaure.

In kin sami layi na biyun, ki ɗora shi a kan na farkon a zane ɗaya, gudu a ƙasa, ki aiko mini tare da sunan dunƙulen da faɗin tashar, mu duba tare. Allah ya ba ki sa'a, ya sa ki kare lafiya.